Inji Ba Shi Da Suruki

Shafi na 31

Masu cika mini waya da tambayar wa ya kashe Intalla, ga shi. Ban yi alkawarin za ku ji daɗi ba.

*

Salkar Intalla, busasshiya.
Takalmansa, ɗaya ya tsinke.
Akwatin injin da na cire daga foraji, rijiyar fanfo ta ƙarshe da ya je, da batirinsa.
Makullina, a wuya.
Bido, jarkar ruwanmu, saura rabi.

Abin da ke cikin motar ke nan da muka baro Azagor. Intalla kuwa tun jiya aka binne shi inda aka same shi, ƙarƙashin wata aduwa.

Kalla ke tuƙi. Ɗan kawuna ne, taubashina, kuma tun da na san shi bai taɓa rufe baki a mota ba. Yau ya yi ƙoƙari, ya kasa.

"Madam Tunis, sha ruwa. In kinka mutu a motata, ni jandarma za su riƙe."

"Tuƙa."

"Ina tuƙi. Ke ce kinka rungume akwati kamar jinjiri. Shekara da shekaru kina karatun lakkwal a ƙasar Larabawa, miji ba ki kawo muna ba, sai ƙarfe mai magana."

"Ya fi ka hankali."

"Awo. Mun gani."

Ya ji abin da ya fita bakinsa. Ya kama sitiyari da hannu biyu, bai ƙara ba.

Intalla aminin Baba ne tun kafin a haife ni. Baba yana sayar da hatsi a kasuwar Dakoro, shi yana kiwo can arewa, dabbobin gidanmu duk a hannunsa suke. Ranar sunana ya ba ni taguwa. Duk bazara in ya gangaro neman ruwa, sai ya tsaya a ƙofar zaurenmu ya faɗa mini jikokinta nawa. Bana ya gangaro. Bai iso ba.

Injinan ni na haɗa su. Porje, hukumar aikin ruwa, ta haƙa foraji tun daga Azagor, ta Rumbu, har Ɗan Gulbi, kowanne da shatonsa na tara ruwa da faranti masu shan rana, ta ɗauke ni in sa musu ƙwaƙwalwa. A Tunis abin yana da dogon suna. A Dakoro inji ake cewa. Kowane inji yana auna ruwan da ya rage, yana gane garke ta tambarin da ke jikin dabba, yana ba mai kati rabonsa. Kuma suna magana da junansu ta rezon waya, suna koyo daga juna, ba wanda ke jin hirarsu.

Abu ɗaya na hana su taɓawa: baƙo. Makiyayin da ba shi da kati zai danna jan maɓalli, wayar salular shugaban komite ta yi ƙara, shi ya ce a buɗe ko kar a buɗe. Mutum zai faɗa, ba inji ba. Shugaban komite kuwa Baba ne, Alhaji Rabo.

Intalla ba shi da kati. Da damina aka raba, lokacin yana can arewa wajen gishiri.

"Dubi can," Kalla ya ce.

Foraji ne a gefen hanya, kusa da Rumbu. Shanu sun kewaye kwamin shan ruwa, busasshe, suna lasar siminti. Wani Bafulatani dattijo yana tsaye a gaban akwatin, sanda a kafaɗa.

"Tsaya," na ce.

Muna sauka dattijon ya sake danna jan maɓallin. Akwatin ya amsa da muryar mace, a natse, da ladabi:

"Sai haƙuri. A gwada ruwa na gaba."

Muryata ce. Ni na ɗauka a Yamai, cikin ɗaki mai sanyi. Sau da yawa na maimaita don ta fito da taushi.

"Tun hantsi nake dannawa," dattijon ya ce. "Ba ta gajiya."

Kalla ya duƙa ya ɗauki dutse.

"Aje shi."

"Ki bar ni in fasa shegen, ruwa shi zuba."

"Ba zai zuba ba. Yau da safe a gabanka na cire wannan da ke cikin mota. Me ya faru?"

"Fanfo ya ƙi buɗewa."

"Don na kusa da shi sun karɓi aikinsa kafin in sauko daga tsani. Ba su da kai ɗaya da za a sare, Kalla. Ka fasa wannan, sauran su riƙe ƙofar."

"To wa ke iko da su?"

Na ɗauko bidon na miƙa wa dattijon.

"Baba, ka jira nan. Kada ka tafi na gaba."

"Matar da ke ciki ta ce in tahi."

"Ni ce matar. Na ce ka jira."

Ya dube ni, ya dubi akwatin. Ya ja da baya kaɗan, ya yi wata addu'a a hankali.

"Har yaushe?"

"Kafin magariba."

Ban san ko gaskiya na faɗa masa ba.

*

Mun tarar da takalma jibge a ƙofar zaure. Intalla ba shi da gida a Dakoro, don haka wurin Baba ake zuwa gaisuwa. Na bi ta ƙofar baya.

Inna Uwale ta tare ni da kwanon ruwa. Na shanye. Ta dubi salkar da ke kafaɗata, ta kawar da kai.

"Ki bari Alhaji shi gama da mutane."

"Zan bari."

"Bai sa komi a bakinshi ba tun da labari ya zo."

"Inna, yaushe rabon ki ji salularsa ta yi kukan baƙo?"

Ta daɗe tana goge kwanon da gefen zanenta.

"Ni dai na san bayan sallar layya ya fara barci kamar mutum. Na gode wa Allah a lokacin. Kada ki tambaye ni abin da ya fi haka."

Bayan la'asar zauren ya watse. Saura Baba a kan buzunsa da carbi, da Yaya Abdurrazak, wakilin porje a Dakoro, yana latsa waya. Na yi sallama, na durƙusa.

"Baba, ina wuni. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Kin iso lahiya?"

"Lafiya lau. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Amin."

Na aje salkar a gabansa, da takalman. Bai taɓa su ba. Carbin ne ya tsaya.

"Gara da kika zo yau," Yaya ya ce. "Gobe da safe akwai taro a biron perfe, mai mulkin gunduma. Komite duka, da jandarma, da dangin mamaci. Ke za a tambaya. Magana ɗaya ce: inji ya lalace. Zafi ya yi masa yawa, ko rezo ya yanke, ke kika san irin abin da ake faɗa. Porje ta aiko sabo, a yi addu'a, a tashi."

"Bai lalace ba."

"Kin duba?"

"Na zo mu duba tare."

Na aje akwatin a kan tabarma, na haɗa batirin. Koren haske ya kama.

"Baba, don Allah ka fito da salularka."

"Ramla," Yaya ya ce, "gidan makoki ne nan."

"Na sani. Baba, don Allah."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya fito da ita, ya aje kusa da salkar.

"Yanzu ni baƙuwa ce. Ba ni da kati, dabbobina suna bayana."

Na danna jan maɓallin.

Muka zuba wa salular ido. A waje wani mai amalanke yana zagin jakinsa. Kaza ta leƙo zauren ta koma. Salular ba ta motsa ba.

"Sai haƙuri," in ji muryata daga cikin akwatin. "A gwada ruwa na gaba."

Baba ya rufe ido.

"Rezo ne," Yaya ya ce.

"Ga rezo nan cike a wayarka. Bai kira ba don an ce masa ya daina kira. Makulli uku ne a duniya da ke iya haka, kuma sai biyu sun haɗu. Nawa yana wuyana tun ranar da aka ba ni. Saura na Baba da naka."

"Ke yanzu tuhumarmu kike?"

"Tambaya nake."

"Don kin je Tunis..."

"Bari, Abdurrazak."

Baba ne. Muryarsa ta dushe.

"Ni na ce a yi."

Na sani tun a hanya. Duk da haka sai da na dafa tabarma.

"Na yi wannan ƙofar ta bar wa inji hukunci don ranar da ka tafi Makka ko ka kwanta ciwo, Baba. Kwana kaɗan. Ba don a bar masa har abada ba."

"Kin san mi kinka rataya mini a wuya?"

Ya nuna salular da carbinsa.

"Kina Yamai cikin sanyi. Ni ina nan. Ina salla tana kuka. Ina cin tuwo tana kuka. In ɗauka, in ji shanu na kuka a bayan mutum, shi ce Alhaji ni ne wane ɗan wane, ubana ya yi ciniki da ubanka. Ƙaƙa za ni ce mishi a'a? Sai in ce a buɗe. Wanga ma a buɗe. Wancan ma a buɗe. Har shaton Rumbu ya ƙafe. Mata sunka zo mini kanti da bido wofi, sunka jera su a gaban buhunan gero, ba wadda ta ce mini uffan. Tsayuwa kawai sunka yi."

"Sai ka ce a'a wani lokaci."

"Na ce. Sau ɗaya. Ƙanen mijin goggonki ne. Ranar kasuwa ya zo ya tsaya tsakiyar ƴan hatsi, ya ɗaga murya: jama'a ku zo ku ga Rabo, ya je Makka ya sha zamzam kyauta, ya dawo shina hana shanu ruwa. Mutane sunka yi dariya. Mai awon da ya aje mini mudu a hannu ya ɗauke abinshi."

"Ni na ba shi shawara," Yaya ya ce. "Kuma ban yi nadama ba a lokacin. Na ce Baba, inji ba shi da suruki. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya zuwa suna, ba wanda zai tare shi a ƙofar masallaci. Bar shi ya auna ruwa ya yanke. Kuma ya yi aiki! Ko shato ɗaya bai ƙara ƙafewa ba."

"Ya yi aiki."

"Ya yi mana."

"Ka san yadda ya yi da Intalla?"

Na dafa akwatin.

"Na farko ya hana shi don ruwansa ya yi ƙasa. Wannan ko mutum zai iya. Amma sai ya gaya wa na gaba: ga garke mai tambari kaza, na hana shi. Na gaba ruwansa cike yake. Ya ce tunda ɗan'uwana ya hana, akwai dalili. Ya hana. Ya gaya wa na gaba cewa mu biyu mun hana. Da ya isa na ƙarshe, duk sun ba da shaida a kansa, kuma ba wanda ya san laifinsa. Kowanne ya jingina da na bayansa."

"Ai mutane na wurin," Yaya ya ce. "Me ya hana su taimaka masa?"

"Sun ba shi na sha. Shi bai rasa na sha ba. Dabbobin ne. Wanda ya buɗe musu da katinsa, inji ya rage masa rabon gobe, don ya ga ya wuce ƙa'ida. Labari ya bazu, kowa ya riƙe katinsa. Tsoffin rijiyoyi kuma an bar su sun rufta tun da foraji ya zo. Ka san Intalla. Zai zauna a inuwa raƙuma na kuka? Ya tashi da tsakar rana."

Baba ya miƙa hannu ya taɓa salkar da yatsa ɗaya. Ya janye.

"Ya kira ni," ya ce.

Yaya ya ɗago da sauri. "Baba."

"Bar ni."

"Ba sai ta..."

"Na ce bar ni."

Na dubi Baba.

"Wa ya kira ka?"

"Intalla. Ya ari salular wani a foraji na uku. Ba kukan baƙo ba, kira irin na mutane. Na ɗauka."

"Me ya ce?"

"Dariya shi ke yi. Kin san shi. Ya ce, Rabo, ka ji abin mamaki, ɗiyarmu ce ke kora ta daga ruwa."



"Ya gane muryar?"

"Tun a na farko. Ya ce muryarta ta girma, amma har yanzu tana jan 'haƙuri' kamar lokacin da take roƙona in hau da ita taguwa. Ya ce ka gaya mata jikokin sun ƙaru, akwai wata fara da na ke son ta gani."

Akwatin yana nan a tsakaninmu, koren haskensa yana kamawa yana mutuwa.

"Kai me ka ce masa?"



"Na ce shi yi haƙuri. Shi gwada na gaba, ina zuwa."

Ban yi kuka ba. Ina faɗa don na san za ku tambaya.

"Ka je?"

"Na kira wanga." Ya nuna Yaya da haɓa. "Shina Maraɗi. Ya ce a jira shi dawo, a yi abin a hankali, don in anka juya makulli saƙo zai tahi ga kowa."

"Ai gaskiya na faɗa," Yaya ya ce. "Wa ya san tsoho zai..."

"Ni fa, Baba?"

Ya dube ni.

"Akwai akwati a birona a Yamai. Akwai wani nan bayan kasuwa. Ka sa naka a nan, in sa nawa a can, shi ke nan. Na nuna maka da hannuna. Kira ɗaya ne."

"Na ɗauki salula. Na nemo sunanki."

"To?"

"In ce miki mi? In ce ɗiyata, amanar da kinka ba ni gaban komite, gaban perfe, kinka ce ubana ne zai riƙe don ba shi cutar kowa, na miƙa ta ga ƙarfe don ina tsoron bakin kasuwa? Da wane baki?"

"Da wanda ka ce masa ya gwada na gaba."

"Ramla!" Yaya ya miƙe. "Ubanki ne!"

"Na sani. Da wani ne da tuni ina wurin jandarma."

Baba ya ɗaga hannu. Yaya ya koma ya zauna.

"Na ce gobe," Baba ya ce. "Na ce Intalla ya san daji, ya sha wuce wadda ta fi wannan. Na ce gobe da safe za ni kira ta. Da safe na ce da azahar."

Inna tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Ban san tun yaushe ba. Hannunta a kan bakinta.

Na ciro makullina daga wuya, ɗan ƙarfe kamar yatsa. Na sa shi a ramin farko na akwatin.

"Akwai wani dattijo yanzu haka a forajin Rumbu da shanunsa. Tun hantsi nake gaya masa ya gwada na gaba. Ina son makulli na biyu."

"Saurara," Yaya ya ce, ya sassauta murya. "Saurara, ƙanwata. Kin san abin da zai faru in kika juya. Ke kika tsara. Saƙo zai shiga wayar kowane ɗan komite, da biron perfe. Daga rana kaza zuwa rana kaza inji ne ke yanke wa baƙo hukunci, da makullin Alhaji Rabo da na Abdurrazak. Kafin isha'i duk Dakoro ta ji. Gobe ƴaƴan Intalla za su zauna suna kallon Baba. Ni aikina ya tafi, wannan ba komi. Shi fa? A wace kasuwa zai zauna?"

"Ka ba ni naka, in kana tausayinsa."

"Saƙon ɗaya ne ko da nawa. Ki bari gobe ta wuce. Ki ce ya lalace. In porje ta zo sa sabo, a gyara komi cikin shiru, ba wanda ya ji."

"Yaushe za su zo?"

"Sati biyu. Uku."

"Bazara ce, Yaya."

"Mutum ɗaya ne ya mutu!"

"Mutum ɗaya aka samu."

Na ci gaba.

"Kuma in na ce ya lalace, an wanke kowa. Bara ka ba Baba shawara, baɗi wani zai ba wani. Duk wanda kunya ta kama sai ya miƙa wa inji, inji ya miƙa wa ɗan'uwansa. In an mutu a ce zafi ne."

"Ke ba ki da kunya, shi ya sa."

"An cire mini a Tunis. Haka kuke cewa."

Na juya ga Baba. Ban roƙe shi ba. Ban san yadda ake roƙon irin wannan ba.

Ya cire hularsa. A cikin naɗin gefenta makullin yake, an ɗinke shi da baƙin zare. Ya ja zaren da haƙori har ya tsinke. Ya aje makullin a kan salkar Intalla, ba a hannuna ba.

"Alhaji," Inna ta ce daga ƙofa.

"Shiga ciki, Uwale."

Ba ta shiga ba.

"Baba, ka yi tunani," Yaya ya ce. "Sunanka..."

"Sunana na ƙarƙashin aduwa."

Ya dafa bango ya miƙe. Yau na ga tsufansa. Ya bar buzun, ya bar carbin, ya bar salular. Ya nufi ɗan ɗakinsa da ke jikin zaure.

Na ɗauki makullin. Da ɗuminsa. Na sa a rami na biyu, na juya su tare.

Koren hasken ya koma fari. Wayar Yaya ta yi ƙara a hannunsa, saƙo ya shigo. Ya karanta, ya kifa ta a cinyarsa. A wannan lokacin tana ƙara a aljihun mutane daga nan har Ɗan Gulbi.

Sai salular Baba ta fara kuka a kan tabarma.

Kukan baƙo. Na zaɓe shi da kaina, mai kaifi, don kada a yi barci a kansa.

Baba ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bayansa gare mu.

"Baba, baƙo ne a ruwa."

"Na ji."

"Kai ne shugaban komite."

"Ba ni ɗauka. Gobe za ni je biron perfe da ƙafata, in faɗi abin da na yi da bakina, a yi mini abin da za a yi. Amma wanga kuka ba ni ƙara ɗaukar shi har in mutu. Ke kinka ce mutum ne zai faɗa. To ga ki, mutum."

Ya shiga. Ya ja ƙofar. Na ji ƙarar sakata.

Salular tana ta kuka. Yaya ya harɗe hannu.

"Bismilla, Madam. Ɗauka mana."

Na ɗauka.

Muryata ce ta fara magana, a natse, da ladabi. Forajin Rumbu. Baƙo da shanu, ba kati. Ruwan shato ya yi ƙasa. In an buɗe wa garken nan, garin ba zai samu ruwa ba gobe da safe. A buɗe, ko kar a buɗe?

A bayanta ina jin shanun. Ina jin dattijon yana cewa, "Ke ce? Ke ce matar?"

Garin kakata ne Rumbu. Rabin matan da za su zo da bido gobe goggonnina ne.

Inna tana kallona. Yaya yana kallona. Ƙofar Baba a rufe.

"A buɗe," na ce. "Ramla ɗiyar Rabo ce ta ce. In sun zo gobe da bidonsu, a nuna musu inda nake."